Tuwon Gidan Baffa Lawali

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba. Ko a gidan suna ne, kafin a gama gaisawa na tashi na leƙa tukunya, na dawo, na sake tashi. 'Ya'yana cewa suke ƙaya ce a tabarmata. Ba su riski Iya Fanna ba, kakata ta wajen uba, da sun san inda na kwaso halin. Ita ko tatsuniya take yi hannunta ba ya hutawa. Ta tura itace cikin murhu, ta jawo shi baya don kada ya ƙare, ta kaɗe toka daga zani, ta waiga wajen zaure kamar mai jiran baƙo. A shekarun fari da yunwar nan kuwa waige-waigen nata ya fi na kullum.

Gidanmu a Birni yake, cikin Damagaram, daf da duwatsu. Babanmu baduku ne, muna kuma da 'yar gona a Gafati wadda a da take riƙe mu har wata damina. Shekarar da nake magana ko karan kirki gonar ba ta bayar ba. Fata ta yi arha kamar banza, don dabbobi mutuwa suke ta yi, amma wa zai sayi takalmi ko jaka cikinsa na kuka? Babanmu yakan wuni a zaure yana ɗinkin abin da ya san ba mai tambaya. Innarmu kuwa anza take jiƙawa, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a waiwayarsu sai yunwa ta kai yunwa. Ta zubar da ruwa, ta sake jiƙawa, a garin da ruwan ma sai an sha layi kafin a samu. Ni lokacin ban wuce shekara tara ba, amma har yau in na tuna ɗacin nan sai na haɗiye yawu.

Gida ɗaya ne a danginmu hayaƙi bai taɓa yankewa ba, gidan Baffa Lawali, wan babanmu, a unguwar Zango. An rufe iyakar Nijeriya a lokacin, amma ba a rufe wa Baffa ba. Kamiyonsa, manyan motocin kaya, sun san hanyoyin daji da ba mai bi, suna shigo da dawa da garin rogo da esansi, wato man fetur, su sauke kafin gari ya waye. Yana da samari da yawa a hannunsa, direbobi da aparanti, wato yaran mota, da wasu da ba a san aikinsu ba sai dai a ga suna bin bayansa. In biyu sun yi rigima a tasha, wurinsa ake zuwa, abin da ya ce ya zauna. An taɓa samun wani mai motoci daga unguwar Kara-Kara da ya so ya bi hanyar Baffa ba da izini ba. Motarsa ta ƙone ƙurmus a daji, shi kuma ya dawo yana jan ƙafa, bai kai ƙara ko'ina ba. Duk da haka ba za ka taɓa jin Baffa ya ɗaga murya ba. Mutum ne mai fara'a, mai son yara, aljihunsa kullum da alewa. Ina sonsa ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Shi ne ya fara aiko mana da tuwo. Kullum da magariba sai ga yarinya da babbar langa a ka, tuwon dawa da miyar kuka har da mai. Ranar farko Innarmu ta yi ta godiya, babanmu ya ce babban wa magajin uba. Iya kaɗai ce ba ta yi godiya ba. Ta ci loma kaɗan, ta wanke hannu.

To, a wajenmu ba a mayar da kwanon mutane haka nan. In an aiko maka da abinci, ko ɗan goro ne ka jefa ciki kafin ka mayar, in ba haka ba ka zama mabaraci. Ni ce mai mayar da langa da safe. Da farko Innarmu takan sa daddawa ko 'yan goriba. Da suka ƙare, babanmu ya shiga sa aikin hannunsa, yau zabira, gobe gidan wuƙa, jibi takalmin yara. Har aka zo ranar da aka duba ɗaki aka duba zaure ba abin sawa. Na ɗauki langa fayau, ina tafe murfi na ƙara a kaina, kunya kamar in nutse. Na iske Baffa zaune kan kujerarsa a ƙofar gida, mutane kewaye da shi. Ya karɓa da kansa, ya buɗe, ya yi murmushi.

"Hadiza, ki ce wa ƙanena ya daina wahalar da kansa, ai gida ɗaya ne," in ji shi. Ya miƙo min alewa, sannan ya ce, "Ina ɗana Mutari? An ce ya zama saurayi."

Mutari shi ne yayana, ɗan farin Innarmu. Ya bar lakwal, wato makarantar boko, yana taya babanmu dukanci, gashin baki ya fara fito masa, yana ji da kansa. Na dawo gida na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ina murna na iya riƙe magana. Babanmu ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa. Innarmu ta tashi ta shiga ɗaki. Iya ta dube ni kamar na shigo da maciji cikin langar.

Sai na yi wa yaran yanzu bayani a nan, don su abin dariya suke ɗaukarsa. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa ko da gaban wa ake yi. Alkunya ke nan, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Innarmu ba ta taɓa cewa Mutari ba, sai dai "kai" ko "wannan". Iya kuwa, Baffa Lawali ne ɗan farinta. "Mutumin Zango" take ce masa. In ya zo gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita tana ciki ta kau da fuska, ta amsa a gajarce. Ga mata biyu a gida ɗaya, ɗaya za a ɗauke mata ɗa, ɗaya ɗanta ne zai ɗauka, kuma duk cikinsu babu mai bakin magana.

A daren nan, bayan an ci tuwon, muka kewaye murhu kamar kullum, ni da ƙannena da yaran maƙwabta. Sanyi ake yi, wutar kuwa ta busasshen kashin shanu ce da 'yan ƙirare, hayaƙi ya fi zafi yawa. Muka ce Iya a yi mana ta kura ko ta zomo. Ta ce, "Ga ta nan, amma yau ba ta dariya ba ce. Mai son dariya ya je ya kwanta." Babu wanda ya motsa.

Ta ce a can zamanin da, lokacin da ayarin raƙuma ke saukowa daga arewa su yada zango a Damagaram, an yi wata yunwa da ta fi wannan. Sai wani mutum ya tara samari ya hau duwatsu, suna tare ayari suna kwashe kaya. Ba wanda ya san sunansa na yanka, Mai-Akushi ake ce masa, don duk gidan da ya ji yara na kuka sai ya aika da akushin tuwo. Unguwa ta yi ta sa masa albarka. Masu ƙwai suka mayar da akushi da ƙwai, masu zare da zare. Da abin mayarwa ya ƙare, sai Mai-Akushi ya fara tambayar lafiyar samarin gida. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Yau ɗan wannan gida ya hau dutse, gobe na wancan. In dogaran sarki sun kama yaro, ko za a yanka shi ba ya faɗin wanda ya aike shi, don ya san akushin da ke zuwa wa uwarsa. Mai-Akushi kuma ba ya manta alheri. Ranar da aka kama ɗan gida, tuwon gidan da nama yake zuwa. Har ta kai mata na tsoron buɗe murfi.

Ta ce akwai wata tsohuwa a unguwar mai jika ɗaya namiji, ita ma ta ci tuwon, ita ma abin mayarwarta ya ƙare. A nan Iya ta tsaya tana tonon wuta. Muka ce sai me? Ta ce barci take ji, mu tashi.

Kwana da kwanaki tatsuniyar nan ta hana mu sakat. Kullum sai ta faro ta daga farko, ta zo kan tsohuwa, ta ba ta wata dabara dabam. Wani dare tsohuwar ta ƙi karɓar akushi, sai ƙananan yaran gidan suka kwana kuka, da safe ta aika a karɓo. Wani dare ta ɗauki jikan suka gudu gabas wajen danginsu na Barno, sai ƙanena ya tambaya me suka ci a hanya, Iya ta yi tsaki ta ce wannan ba ta yi ba, a bari sai gobe. Mu muna jin haushi, don tatsuniya ai da ƙarshe aka san ta, mugu ya ga sakayya, a watse. Ita kuwa sai ta tashi ta zauna, ta leƙa zaure, ta dawo. Mutari yakan zauna can baya kan turmi, wai shi ya girmi tatsuniya, amma ban taɓa ganin ya tashi kafin ta tsaya ba.

Shi kam tana iya yi masa magana, sai dai tsakanin kaka da jika komai wasa ne. "Maigidana" take ce masa, shi kuma ya ce ya sake ta tun bara, ya gaji da mata marar haƙori. Ran nan ta kama hannun rigarsa ta ce, "Maigidana, in ka hau motar nan sai na kai ka gaban alƙali." Ya yi dariya ya ce ai don ya sayo mata zani zai hau. Ta yi dariya ita ma, amma ba ta saki rigar ba sai da ya janye.

Ana nan sai Baffa ya zo da kansa, bayan sallar isha. Muka ji tsayawar mota, muka ji sallamarsa. Ya zauna a zaure da babanmu, ya ce kada a tashi Iya, in ta gama da jikokinta zai shigo. Tsakanin zaure da murhu kuwa ba nisa, tari ma ana ji. Iya ta gyara zama, ta juya wa zaure baya, ta faro tatsuniyar da muryar da ban san tana da ita ba. Ko kurma ya san hannunka mai sanda ake yi. Ta bi ta kan akushi, ta bi ta kan nama, ba ta rage komai ba. Maganar da ake yi a zaure ta ɗauke.

Da ta zo kan tsohuwa, sai ta ce a wannan karon tsohuwar ta ɗauki sandarta ta hau duwatsun da kanta. Ta ratsa samari da takubbansu, ba wanda ya tare ta, har ta tsaya gaban Mai-Akushi. Ta zo da magana cike da baki, tun daga ƙasa take shirya ta.

Na ce, "Me ta ce masa, Iya?"

Ta tura ƙirare cikin wuta. Sannan ta ce, "Da ya ɗago kai, sai ta ga ɗan da ta fara haifa ne. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta sauko."

Muka jira a ce ƙurunƙus, ba a ce ba. Ta ce kan kusun wannan tatsuniya ba ta san inda ya faɗi ba, kowa ya tashi. Daga zaure muka ji Baffa ya yi gyaran murya, ya ce wa babanmu Iya ta tsufa amma murya na nan, Allah ya ƙara mata lafiya. Ya shigo ya durƙusa a inda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya" ba ta waiga ba. Ya ajiye mata goro ya fita. Ni na ɗauka an yi faɗa an gama, ashe ba a ma fara ba.

Da safe babanmu ya kira Mutari ya ce masa Baffansa na son ya koya masa mota, kuma ɗan ƙani ɗa ne, ba a hana wa. Mutari ya naɗe rigunansa cikin zani. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "Inna, zan tafi." Tana tankaɗe a lokacin. Ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya kiyaye, kamar yadda za ta ce wa ɗan maƙwabta. Ya ɗan ƙara tsayawa. Iya tana ɗaki ba ta fito ba. Sai ya saɓa ƙullinsa ya fita, ni na raka shi har bakin titi ina roƙonsa ya sayo min awarwaro.

Ya sayo min kuwa. Watanni yana zuwa yana komawa, ya yi ƙiba, ya sayi agogo, ya koyi magana ƙasa-ƙasa irin ta Baffa. Iya ta koma ba mu tatsuniyar kura da zomo, amma ba daɗi, rabin hankalinta na zaure. Ran nan da magariba yarinyar gidan Baffa ta sauke langa, na riga kowa zuwa na ɗaga murfi. Tsokar nama ce jere a kan tuwon, manya-manya. Na saki murfin ya faɗi ƙasa. Iya ta leƙo ta gani, ta zauna a inda take tsaye. Ba a gaya mana komai ba sai washegari, cewa jandarma sun tare mota a daji kusa da iyaka, direba ya tsere, an kama Mutari da kaya da bindigar da ba tasa ba.

Innarmu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka shigo jaje, tana ba su tabarma tana cewa ai yaro ne, ya je ya koyi hankali. Da suka watse na same ta bayan ɗaki tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke, da ruwan da muka sha layi muka samo. Naman kuwa mun cinye shi, mu yara. Yunwa muke ji.

Mutari bai faɗi sunan kowa ba. Ya yi shekaru a gidan kaso, tuwo kuma bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, har ruwa ya dawo, gonar Gafati ta sake yin hatsi. Iya ta rasu bai fito ba. Da ya fito Baffa ya yi masa aure, ya ba shi mota, da ƙarfin Baffan ya ƙare kuma ya ba shi kujerar ƙofar gidan, don cikin 'ya'yan cikinsa babu wanda ya biya abin da Mutari ya biya. Yau a tasha in an ce Alhaji, yayana ake nufi. Ba ya ɗaga murya, aljihunsa kullum da alewa.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Ina budurwa na ɗauka gargaɗi ce a kan cin abin hannun mugu, na kuma riƙa ganin laifin babanmu. Da na yi 'ya'ya na san kukan yaro mai jin yunwa, sai na daina ganin laifin kowa. Baffa ya ciyar da mu da gaske, ba don shi ba wataƙila da ƙannena ba su kai damina ba, kuma ya cinye mana Mutari da gaske. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa Iya ta kasa samo mata ƙarshe. Abin da na gane daga baya shi ne ba mu take ba wa tatsuniyar ba. Magana ce da ya kamata ta faɗa wa mutum ɗaya ido da ido, alkunya ta hana, sai ta naɗe ta cikin tatsuniya ta jefa ta zaure. Magana in an naɗe ta haka kuwa, wanda aka yi ta dominsa yana iya cewa bai gane ba.

Bara mijina ya kwanta ciwo, Mutari ne ya ɗauki nauyin asibiti da na gida, bai bari mun roƙa ba. Da maigidan ya samu sauƙi sai ya zo duba shi. Muna zaune a tsakar gida, ɗana na fari ya kawo masa ruwa. Yaron ya gama karatu yana zaune ba aiki. Ni ma tarbiyyar Innarmu gare ni, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Mutari ya bi shi da kallo, ya yi murmushi, ya ce yaron nan ya zama saurayi, me zai hana a turo masa shi tasha ya riƙa duba masa motoci. Mijina ya sunkuyar da kai. Na ji ƙafafuna na son su tashi su kai ni ɗaki, na danne su.

Na ce, "Yaya, ba zan ba ka Isufu ba. Ɗana ne, ina sonsa, ba zai hau motarka ba."

Sunan ya fito min a baki wani iri, kamar na tuɓe ɗankwali a kasuwa. Mijina ya dube ni, yaron ma ya tsaya da kofi a hannu. Na shirya wa fushin Mutari, na shirya wa gori, don yana da abin yin gorin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya sa takalmansa. Ya kai bakin zaure ya tsaya, bai waigo ba.

Ya ce, "Ni ran nan, Hadiza, na tsaya a tsakar gida ina jira. Babu wanda ya kira sunana."

Tun daga ranar bai sake tako gidana ba. Isufu yana nan, har yanzu ba aiki, kuma ya san ni na hana.